Durƙuson Sabi'u Tela

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ku gyara zama, don ba irin wadda ake ji a yi barci ba ce. Ni da nike ba ku ita, akwai wurin da in na zo har yau sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Kwanan nan ina jin ku kuna ta surutun zaɓen fid da gwani, wai wane mai kuɗi ne, wane ba ya da kowa amma ya iya dabara. Kuna tsammanin a kanku aka fara. To mu ma an yi a Kankiya, tun Bature na nan da hularsa mai kama da akushi, kuma da ni aka yi. Ba ƙuri'a na jefa ba, lokacin mace ba ta zaɓe a wajenmu. Ni ɗin ce aka jefa.

Sunana Sa'a. Ban fi shekara ashirin ba lokacin, kuma bazawara ce. Mijina Dawuda sanƙarau ya ɗauke shi muna sabon aure, Allah ya jiƙan shi. Da na fita takaba sai na koma inda Innata take, gidan ƙanen mahaifina, Baffa Ashafa. Tun rasuwar babanmu shi ke riƙe da mu, kuma bai taɓa bari mun manta ba. Shi ke sayen gyaɗa ya kai ma kamfani. Yana da babbar mota, kuma gidansa ne na farko da aka aza ma kwano a unguwarmu. Ɗakinmu ni da Inna Tani yana can ƙurya kusa da turken awaki: gadon ƙarfe ɗaya, jeren tasoshin da na dawo da su daga gidan miji, sai taskirar kayan kitso, don kitso nike bi gida-gida.

Sabi'u kau tela ne, mutumin Kusada, ya kama rumfa a kasuwar Kankiya. Dogo, siriri, wuya kamar na zalɓe, ga kunya kamar amarya. Ranar da ya fara zuwa zance wurina, akuyarmu ya yi ta kallo yana magana, har na tambaye shi ko ita ya zo nema. Na so shi. Ba zan tsaya yi maku kwana-kwana ba, na so shi ƙwarai. Ya aiko manyansa, Baffa ya kore su.

"Mai faci?" in ji Baffa. "In ɗauki ɗiyar yayana in ba mutumin da ke cin tuwo da yagaggen wandon wasu?"

Damina biyu ana haka. Ya aiko, a kora. Ya aiko, a kora.

Sai ga siyasa ta shigo. Jam'iyyar da mutanenmu suka fi shiga, ba zan kama sunanta ba don jikokin mutanen na nan da ransu, ta ce a fid da mutum ɗaya daga Kankiya da Kusada da ƙauyukansu wanda zai tsaya mata takarar majalisar Kaduna. Yadda ake yi ba wuya. Rana guda 'yan jam'iyya za su taru a fili, kowane ɗan takara ya tsaya, masu son shi su ja layi bayansa, sakatare ya zo daga Katsina ya ƙirga kawuna.

Baffa ya fito, kowa ya ce an gama. Huhun goro, buhun gishiri, maroƙa da makaɗa a bayan mota, gari ya ɗauka. Da aka ji wai Sabi'u Tela ma ya fito, har mahauta sai da suka aje wuƙa suka yi dariya.

Amma yana da dalili. Daminar da ta wuce an ɗebe shi da ƙannensa aikin hanya ana tsakiyar noma, suka dawo suka iske ciyawa ta shanye geronsu. Haka ake ma kowane ƙauye. Hanyar kuma, in ban da motar Bature, ta Baffa ce kaɗai ke bin ta.

Da yamma ya zo bayan katangarmu, inda muke satar gaisawa, na ce, "Tela, da mi za ka ka da Baffa? Da almakashi?"

"Cikin gari na bar mashi," ya ce. "Duk wanda ke Kankiya ya ci goron shi ko yana jiran ci. Ni ƙauye za ni."

"Su saurare ka? Kai da in mutum uku suka taru muryarka ke maƙalewa?"

"Sa'a, in rigar mutum na ƙarƙashin allurata, ina za shi?"

Ku ji dabarar. Ya ɗora keken ɗinkinsa bisa jaki, ya riƙa bin kasuwanni, Rimaye, Fakuwa, Bauranya, Kusada. Ya sa a yi shela: duk mai yagaggiyar riga ya kawo, faci kyauta. Manomi ya tuɓe ya zauna ƙirji waje, ba halin tashi. Sabi'u ba ya wa'azi, tambaya ɗaya yake yi yana murza keke: "Bara da aka tafi da kai hanya, wa ya nome maka gona?" Shi ke nan, sai ya yi shiru, mai rigar ya yi ta zuba har ya kai kansa inda ake so. In ya ce, "Tela, ina bayanka," sai Sabi'u ya sauya zare, ya yi mashi ɗan ɗinki da ja a ƙarƙashin hammata, inda ba a gani sai an ɗaga hannu. Da haka suke gane junansu.

Ni ma na ɗau darasi. Macen da kanta ke tsakanin gwiwoyina, rabi a kitse rabi a tsefe, ita ma ina za ta? Ina yarfa mata kitso ina tambaya, "Bara da rumbunku bai cika ba, wa ya fara rage cin tuwo a gidan nan?" Ta ce ita. Na ce to ki tuna ma maigida.

Tsakanina da shi kuwa Gwaggo Hawwa'u ce wayarmu. Dillaliya ce, mai ƙiba da baki ja wur da goro, tana yawo da tulin zannuwa bisa kai, babu gidan da ba ta shiga. Ta sauke kaya ta ce, "Ya ce a Rimaye zaren ja ya ƙare mashi." Ni in ce, "Ki ce mashi ya riƙa cin abinci, wuyan ya ƙara tsawo."

Asirin ya tonu a Fakuwa. Baffa ya shiga da motarsa, mutane suka jeru bakin hanya suna yi mashi jinjina, kowa ya dunƙule hannu ya ɗaga, "Ranka ya daɗe!" Yana ta murmushi, sai ya lura. Hammata ja, hammata ja, hammata ja, har ƙarshen gari. Ya dawo gida ko ruwa bai sha ba. Na ce a raina za a aika a fasa keken, ko a ɗaure Sabi'u a kan wani laifin da za a ƙago. Ashe ban san Baffana ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya aika a kira mashi Sabi'u. Zaure cike da dattawa, har da Malam Ummaru limamin unguwarmu. Ni ina maƙale bayan ƙofa ina saurare.

"Sabi'u," in ji Baffa, da wata murya mai laushi da ban taɓa jin shi da ita ba, "na zauna na yi tunani. Siyasa daban, zumunci daban. Ka daɗe kana neman ɗiyar nan. Na ba ka Sa'a. A ɗaura aure washegarin zaɓe, kowa ya ci ya ci."

Zauren ya ɗauki kabbara. Malam Ummaru ya gyara murya ya ce, "Malam Ashafa, an dai ji ta bakinta ko? Bazawara ce."

"Haba Malam! Damina biyu tana jiƙa mani katanga da hawaye a kan shi, sai an tambaya?"

Aka kwashe da dariya, aka shafa Fatiha, aka raba goro. Gwaggo Hawwa'u ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. Kafin magariba an aiko mani da atamfa 'yar Ingila daga ɗakin Baffa, shuɗiya mai zanen ganye, irin wadda matarsa kaɗai ke ɗaurawa. Na rungume ta, na taka rawa a tsakar ɗaki. Ni Sa'a, har da juyi.

Ku 'yan yanzu da kuke sa hannu kwano ɗaya da surukanku, sai na yi maku bayani. A lokacinmu, daga ranar da mutum ya ce ya ba ka ɗiya, ya zama surukinka. Ba ka kama sunansa. Ba ka ci a gabansa, ba ka ɗaga murya. In ka hango shi a hanya ka kauce, in ba halin kaucewa ka tuɓe takalmi ka durƙusa, kai a ƙasa, ba ka miƙewa sai ya wuce. Wanda ya ƙi yin haka, ko 'yan'uwansa sai sun tsine mashi. Sabi'u kuma, ko cikin masu kunya shi na gaba ne.

Ranar kasuwar Rimaye ya kafa keke, mutane sun kewaye shi, sai ga ƙugin mota. Baffa ya sauko cikin farar babbar riga da jar dara, aka shimfiɗa mashi kujera mai naɗewa daidai gaban rumfar, ya zauna. Sabi'u ya saki keke, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa.

"Ci gaba da aikinka, ɗana," in ji Baffa. "Ni iska na zo sha."

Ina zai iya? Haka ya wuni durƙushe har la'asar ta yi sanyi, masu riguna suka gaji suka zare abinsu da allura a jiki. A Fakuwa haka. A Bauranya haka. Har Kusada garinsu sai da aka bi shi da kujerar. Inda Baffa bai je ba kuma, sai a turo wani ya tambaya da ƙarfi, "Tela, wai da wa kake takara?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da Baba." Sai a ce, "To in babanka ne ka bar mashi mana!" Maroƙa kuma suka samu abin yi, suna bin gari suna cewa tela ya samu mata ya rasa ƙafafu.

Sai a lokacin na gane abin da aka yi da ni. Mutumin da ya ce ba zai ba mai faci ɗiyar yayansa ba, ashe ajiye ni ya yi, kamar yadda yake ajiye gishiri sai ranar rabo.

Na kira Gwaggo Hawwa'u. "Ki ce mashi ya tashi."

Ta je ta dawo. "Ya ce uban matarsa ne."

"Ki ce mashi ba a ɗaura ba tukuna."

"Ya ce an shafa Fatiha."

"Ki ce mashi tarko ne, shi makaho ne?"

Wannan karon da ta dawo sai da ta zauna bisa turmi ta sha ruwa. "Ya ce ya sani. Ya ce abin da yake so ne aka sa cikin tarkon, ya za shi yi? Ke Sa'a, ku ji tsoron Allah, kun kashe mani ƙafa, ko zane ɗaya ban saida ba yau."

Na rasa wanda zan fi jin haushi, mai kujera ko mai durƙuso. Kuma kar ku ce Baffa yaudara yake, ba zai ɗaura auren ba. Zai ɗaura. Ni ba ni da tsada a wurinsa. Abin da ya fi ci mani rai ke nan: in na rufe bakina, Sabi'u nawa ne. Sai dai wane Sabi'un? Wanda ƙauye huɗu suka tuɓe riga suka yarda da shi, ya saida su da mace? Har ya mutu da wannan sunan za a kira shi, ni kuma a ce ga kuɗin da aka biya can tana daka.

Da safe Inna na tankaɗe na faɗa mata. Ba ta ko ɗago ba.

"Ke 'yar nan, mi kike so a duniya? An hana ki kin yi kuka, an ba ki kina huci."

"Inna, ba ba ni aka yi ba. Ni aka bayar."

"To sai mi? Mu da aka bayar ba mu rayu ba? Ina ruwanki da layin maza? Ko an ce za a ƙirga da ke?"

"Gonakin mutane fa?"

Ta aje rariya ta nuna sama da yatsa. "Rufin nan da ke bisa kanmu na wa ne? In ya kore mu gonar wa za mu kwana? Ki rufa mani asiri, na tsufa da yawo."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ta faɗa. Na fita ɗibar ruwa ina share ido, sai na yi kaciɓis da Baffa zai fita. Na durƙusa na gaishe shi.

"Amarya," ya ce, "atamfar ta yi maki?"

"Ta yi, Baffa. Na gode."

"Telan nan yaron kirki ne. Ya san girman manya." Ya wuce yana gyara hannun riga.

Ranar zaɓe ita ce ranar da aka sa ni lalle, tunda gobe ɗaurin aure. Mata sun cika tsakar gida, ana jiƙa gero, ana gyaran kaji. Da hantsi na ce za ni bayan gida. Na kankare lallen, hannuwana sun riga sun yi ja. Na ɗaura tsohon zanena na saƙi, na ninke atamfar na soke ta ƙarƙashin mayafi, na fita ta ƙofar awaki. Na san abin da zan yi tun daga ɗaki, ina dai roƙon Allah kada a kai ga haka.

Filin yana bayan kasuwa, wajen babbar kuka. Na laɓe cikin masu saida fura. Rana ta buɗe, bazara ce, ƙasa na ƙuna. Mutanen gari sun ja layinsu da sababbin huluna. Mutanen ƙauye kuwa tun asuba suke shigowa a ƙasa, ƙafafu fari fat, kuma da na ga yawansu sai da na dafe ƙirji. Duk da abin da aka yi, sun zo. Layinsu ya wuce kukar, ya lanƙwasa har bakin rijiya.

Sakataren, wani mai tabarau da wandon kaki, ya hau benci ya ce, "Ɗan takara ya tsaya a gaba, mutanensa su tsaya bayansa!"

Baffa ya tako ya tsaya a kan layinsa, riga na ƙyalli. Sabi'u ya zo ta ɗaya gefen. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Na ga ya kalli ƙasa, ya kalli sama. Na ce a raina, tsaya, don girman Allah ka tsaya. Sai na ga ya sunkuya yana tuɓe takalmi.

Ya durƙusa.

Na bayansa ya ga jagora ya yi ƙasa, shi ma ya yi. Na bayan wannan ma haka. Kamar masu bin liman, layin nan kaf ya zube tun daga kuka har rijiya, kowa ya ɗauka haka tsarin yake.

Mutanen Baffa abin da suke jira ke nan. "Bai tsaya ba! Sakatare, ka gani da idonka! Wanda bai tsaya ba ai bai tsaya ba!"

Sakatare ya cire tabarau ya goge. "Ni dai an ce mani in ƙirga na tsaye. Malam Sabi'u, ka tsaya ko ba ka tsaya ba?"

Sabi'u na nan durƙushe, kai a ƙasa. Baffa na kallon gaba kamar ba da shi ake ba.

"Zan sake tambaya sau ɗaya, in rufe," in ji sakatare.

Ban san sa'adda na ture ƙwaryar wata mai fura ba. Na ratsa tsakanin layukan nan biyu, mace ɗaya cikin maza ɗari-ɗari. Ina jin su: "Kai, wace ce wannan?" "Amaryar ce!" "Da lallenta!" "Ta haukace!" Ban kalli kowa ba sai Malam Ummaru, da ke zaune bisa buzu a inuwa cikin dattawan shaida. Na durƙusa gabansa, na fid da atamfar na aje.

"Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita."

"A nan, ɗiyata?"

"A nan. Bazawara, ana ba da ita ba da bakinta ba?"

Ya kalli atamfar, ya kalle ni. "Ba a yi."

"Ran Juma'ar da aka shafa Fatiha, wa ya ji ta bakina?"

Ya shafa gemu. "Ba wanda ya ji. Na tambaya, aka yi dariya."

"To yau a ji. Ban karɓa ba. Ba na so."

"Sa'a!" Muryar Baffa ta tsaga filin. "In kika ida maganar nan, ba ke ba gidana, kuma ba ke ba shi har abada!"

Malam ya rage murya. "Kin san abin da kike faɗi? Kowa ya san kina son yaron nan."

Na ɗaga murya yadda na bakin rijiya zai ji. "Na ce ba na son shi!"

Malam Ummaru ya juya wajen dattawa ya buɗe hannuwa. "To kun ji. Babu baiko."

Na miƙe na nufi Sabi'u. Yana nan durƙushe, ya ɗago yana kallona kamar wanda aka mara yana barci.

"Tela, tashi. Ba surukinka ba ne. Mai sayen gyaɗa ne."

"Sa'a..."

"Ka tashi, ko in ɗaga ka da hannuna gaban ƙauye huɗu!"

Wani tsoho daga Fakuwa, Kabo, shi ke bayansa. Ya dafa mashi baya ya ce, "Tela, don Allah ka ji maganar yarinya. Gwiwata ta mutu tun ɗazu."

Sabi'u ya jawo takalminsa. Ya sa ɗaya, ya sa ɗaya, a gaban Baffa Ashafa. Sannan ya miƙe. Ban taɓa sanin tsawonsa ya kai haka ba. Layin ya tashi bayansa da wata irin ƙara ta gwiwoyi da kabbara, wani ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, filin ya yi ja. Abin da ya ƙarasa Baffa shi ne da ya waiwaya ya ga cikin nasa layin ma akwai masu jar hammata, sun sha gishirinsa, suna zamewa ɗaya-ɗaya suna tsallakawa.

Ni kuma na bi layin har ƙarshe, na tsaya bayan mutum na ƙarshe a bakin rijiya. Sakatare ya taho yana taɓa kafaɗar kowa da alƙalami yana ƙirgawa. Ya taɓa makaho, ya taɓa wani da ko sunan jam'iyyar bai sani ba. Da ya iso kaina sai ya kewaye ni kamar kututture, ya koma ya ce Sabi'u ya ci.

Wannan wurin ne nike ce maku. Ku taɓa wuyana ku ji.

Kafin la'asar an fito da tasoshina da gadon ƙarfenmu an zube a ƙofar gida, kajin biki na cikin tukunya. Ni da Inna muka kama hanyar Bauranya wurin yayanta, tana gaba ina baya. Ba ta sake yi mani magana ba sai da aka yanke gero.

Sabi'u bai biyo ni ba. Sai ga Gwaggo Hawwa'u bayan kwanaki, tana haki, ta zube a inuwar rumbu.

"Ya ce in tambaye ki, wai da gaske kike ba ki son shi?"

Jama'a, ku ji mani mutum. Na rasa ɗaki, na rasa muryar uwata, na tsaya gaban duniya da lalle a hannu na yi ƙaryar da ta fi kowace ciwo, shi kuma yana can yana tambaya. Na shiga ɗaki na samo jan zare da allura, na yi ɗinki a bakin kallabina, na cire na miƙa mata.

"Ki kai mashi. Ki ce in ya sake aiko mani tambayar banza, zan warware."

Ga yadda kowa ya ƙare. Babban zaɓe Sabi'u bai ci ba, don Baffa ya kwashi motarsa da goronsa ya koma ɗaya jam'iyyar. Ya dawo kan kekensa. Amma daminar nan da aka je Fakuwa ɗibar 'yan aikin hanya, an iske kowa a gona, aka yi ta kira ba wanda ya ɗago. Baffa ya ƙi yi mani walicci, Malam Ummaru ya kai maganar gaban alƙali, alƙali ya sa aka kawo ni ya ji ta bakina, aka ɗaura da kaka. Inna ta zauna tare da mu a Kusada har ta rasu, tana cewa telan ya fi ni hankali. Gwaggo Hawwa'u ta sayi atamfar a hannun Malam, ta saida ma matar Baffa.

Auren ya sake maida Baffa surukin Sabi'u, ko yana so ko ba ya so. Duk inda suka haɗu sai Tela ya tuɓe takalmi ya durƙusa, tsakaninsa da Allah, kasuwa kuma ta fashe da dariya ana, "A kawo kujera!" Har Baffa ya koma ga Allah, in ya hango Sabi'u daga nesa shi ke sauya hanya. Sabi'u ya rasu da zare a aljihu, ya bar mani 'ya'ya masu dogon wuya.

Ni kuwa ba a ƙirga ni a zaɓe ba sai da na goya jika.